Ba a shanya yaro a rana don a burge babban baƙo

Duk wanda ya jera yara 'yan shekara huɗu da biyar a tsakiyar fili, a wannan zafin na ƙarshen Maris, daga ƙarfe tara na safe har ɗaya saura, wai ana jiran babban baƙo, to ya zalunce su. Na nemi kalmar da ta fi wannan taushi na rasa. Kun dai ga abin da ya faru ranar Asabar a wajen wasannin makarantar su autata, wasunku ma da ku aka yi.

Rumfa uku aka kafa, duka ukun manya ne a ciki, ga kujeru, ga lemo mai sanyi a kula. Yaran kuwa suna kan jar ƙasa da farar safa da takalmin roba, an ja musu kunne kada wanda ya bar layi don kar fareti ya lalace. Da na kutsa na ɗauko yarinyata, takalminta ba ya taɓuwa don zafi, leɓenta ya bushe ya yi fari, tana kuka amma babu ɗigon hawaye. Wannan kukan da ba hawaye shi ya hana ni barci. Fiya wata ɗaya aka ba kowane yaro tun safe, kafin hantsi ya koma kamar ruwan wanka. Yarinyar da ke gabanta a layi sai da aka yi mata ƙarin ruwa.

Tun jiya ake turo min saƙo, wai mu ma haka muka taso. Wallahi ba haka muka taso ba. Wace uwa ce a da take barin ɗanta a waje in rana ta take? Langa da gaɗa da sauran wasannin dandali sai bayan isha'i ake yin su, a farin wata. Makarantar allo da asuba ake fita, a tashi kafin rana ta yi zafi, a koma da la'asar. Manomi da ƙarfinsa yakan nemi gindin bishiya kafin azahar. Kai, sallah ma, da babu abin da ya kai ta, Manzon Allah (SAW) ya ce in zafi ya tsananta a jinkirta azahar har rana ta yi sanyi, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. An sassauta wa baligi a kan farilla, amma an ƙi sassauta wa ɗan shekara huɗu a kan fareti.

Wasu kuma sun ce horo ne, yaro ya saba da wuya. Ku riƙe wannan horon. Jikin yaro ba na babba ba ne: ya fi saurin ɗaukar zafi, gumin da zai sanyaya shi bai kai na babba ba, kuma ba zai ce ƙishirwa yake ji ba sai ya galabaita, balle an ce masa in ya motsa zai sha bulala. Jiri, amai, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, yaro mai surutu ya yi tsit, duk alamu ne cewa ruwan jikinsa ya kusa ƙarewa. A kai shi inuwa, a sassauta kayansa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu ko ya suma, asibiti kai tsaye.

Masu cewa ai ba wanda ya mutu, sai an mutu za ku yarda? A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu. Mu nan Kano da Sakkwato da Maiduguri digiri 40 ba baƙonmu ba ne a bazara, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kuma tana ta gargaɗi a rediyo. Ban ce a kulle yara a ɗaki ba, ni ma ina son in ga 'yata tana tsere tana dariya. A fara bakwai a tashi goma, ko a mayar da wasannin lokacin sanyi. Baƙon da ya makara ya tarar an watse. Ba a shanya yaro a rana saboda shi.

Kuma ina darbejiyar nan guda biyar da ke bakin filin? Lokacin da na kai babban ɗana makarantar, a ƙarƙashinsu yara ke cin abincin tara. Bara aka sare su duka aka shimfiɗa intalok don motoci su sami wurin tsayawa. Ranar Asabar na ga kututturen ɗaya har ya fara tofo, wani yaro ya tsuguna a jikinsa yana neman inuwar ganye uku.