Taswira ta dagula sunayen Ailan, littattafan safiyo suka cece su

A shekarar 1824 gwamnatin Birtaniya ta tura sojojin safiyo tsibirin Ailan su auna shi kaf, inci shida a takarda ga kowane mil guda a ƙasa. Haraji ake so a daidaita. Sai dai ba a yanka haraji a kan filin da ba a san sunansa ba, kuma ƙananan yankunan karkarar sun haura dubu 60, akasarinsu da sunaye a harshen Gelik, wanda hafsoshin ba sa ji.

Shi ya sa aka ɗauki John O'Donovan aiki a 1830, ɗan ƙasa, masanin tsohon Gelik. Shekaru ya yi yana bin ƙauyuka, galibi a ƙafa, yana neman tsofaffi su furta masa sunan tudu ko rafi, ya gwada da tsofaffin takardu, ya rubuta asalinsa da ma'anarsa a littattafan sunaye. Daga nan a zaɓi rubutu guda irin na Turanci a ɗora a taswira.

A kan wannan mataki na ƙarshe ake zargin aikin da kashe sunayen ƙasar, kuma zargin yana da tushe. Baile, wato gari, ya kafu a matsayin Bally. Cill, wato coci, ya zama Kil. Mai jin Gelik idan ya ji Cill Dara ya san ana nufin cocin da ke gindin wata babbar bishiya. Mai karanta Kildare sauti kawai ya samu. Mu ma ai mun san ciwon: Dogon Dutsi ne Faransawa suka mayar Dogondoutchi, har sai Bahaushe ya yi tsaki kafin ya gane garinsu.

Amma ni ban yarda a tsaya a nan ba. Karkatar da sunayen ya girmi safiyon da ɗaruruwan shekaru. Kildare da Dublin an daɗe ana rubuta su haka. Abin da safiyon ya ƙara shi ne ya tambayi masu wurin, ya kuma ajiye amsarsu. Lokacin ma ya zo daidai ba tare da kowa ya sani ba, don a 1845 babbar yunwa ta faɗa wa tsibirin, mutum kusan miliyan guda suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira, kuma talakawa masu jin Gelik ta fi yi wa ɓarna. Ƙauyuka da dama da O'Donovan ya samu tsofaffin tambaya, bayan ƙarni guda ba sauran mai harshen a cikinsu.

Da Ailan ta tashi maido da sunayenta na asali, littattafan nan masu bincike suka buɗe. Rumbun sunayen wurare na logainm.ie, da aka buɗe a intanet a 2008, yana kawo bayanansu a matsayin hujja, har da rubutun da aka zaɓa wa taswira da sunan da O'Donovan ya ji daga bakin tsofaffi.