Rediyon ƙauye: batir da tsawa ke kashe shi, ba rashin abin faɗa ba

Duk sanda aka taso da zancen rediyon al'umma sai yabo ya yi yawa: muryar talaka, muryar manomi. Ban musa ba. Amma a ganina yawancin tashoshin da suka yi shiru ba abin faɗa suka rasa ba. Batir ne ya mutu, ko tsawa ta faɗa wa eriya, ko kuma aka rasa mai riƙe littafin rasit.

A dubi Nijar, domin can abin ya yi jijiya. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro, inda a wancan lokacin jama'ar gari ke taruwa gaban akwati ɗaya, a saurari shiri, a tattauna, a ɗauki muryoyinsu a kai Yamai. Amma tasha ta ƙauye, wadda mutanen wurin ke magana a cikinta da bakinsu, sai a 1999 aka buɗe ta a Bankilare, cikin jihar Tillaberi, da hannun cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: ƙaramar na'urar watsa shiri, farantan sola, batura, da akwatin WorldSpace mai kamo bayanan yanayi daga tauraron ɗan'adam. An kuma raba rediyoyin Freeplay, waɗanda ake wanawa da hannu, ba ruwansu da batir. Makiyayi ya ji hasashen damina da harshensa, mai cigiyar raƙumi ya samu inda zai kai kuka. Daga wannan tasha ɗaya aka haura ɗari a faɗin ƙasar.

Kamfanin WorldSpace ya karye a 2008. Duk tashar da ta jingina da shi kaɗai, jinginarta ta faɗi.

A Najeriya kuwa, an ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi tun 1992, amma lasisin rediyon al'umma sai 2015 aka amince da guda 17, ciki har da ta Lavun da ke Kutigi a jihar Neja. Wato maƙwabta sun riga mu da shekara goma sha shida, kuma kurakuransu na nan a fili ga mai son koyo.

Kuskure na farko, a ɗauka ƙarfin na'ura ne ke kai murya nesa. Zangon FM kusan miƙe yake tafiya, tudu na tare shi. Eriya a kan turke mai tsayin mita 30, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, za ta kai kilomita 25 zuwa 30. Ka ninka ƙarfin na'urar sau biyu, nisan ba zai ninku ba, wutar da take ci ce za ta ninku. Kwamitin da ya samu kuɗi gara ya ƙara wa turke tsayi, ko ya kafa shi a kan tudu.

Na biyu, lissafin wuta, kuma nan ne aka fi yin asara. Na'ura mai wat 100 tana jan kimanin wat 200. Haɗa da mikisa (na'urar haɗa sauti), kwamfuta, fanka da fitila, ka ce wat 400. Awa shida a rana, uku da safe uku da dare, ya kama wat-awa 2,400, wato 400 sau shida. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 abin da yake ɗauka ke nan cif, sai a ce ai ɗaya ya isa. Bai isa ba. Batirin dalma ba a shanye shi ya wuce rabi, in ana yi kullum ba zai shekara ba. Biyu ne mafi ƙaranci, huɗu in ana son ranar hazo ko hadari ta wuce ba a rufe tasha ba. Ga zafi: ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu yana dafa batir, domin duk ƙarin maki goma a kan 25 a ma'aunin zafi na Salshiyas yana rage kusan rabin kwanansa. A ajiye su inda iska ke ratsawa, a duba ruwansu duk wata, kuma tataccen ruwan batir za a zuba, ba na rijiya ba. Da hunturu a riƙa share farantan sola da sassafe, a kakkaɓe ƙurar da ke toshe fankar na'ura. Sannan a hana cajin wayoyin unguwa a jikin baturan tasha, ko da na gidan mai gari ne. Na san wannan ita ce doka mafi wuyar tsayarwa.

Damina kuma da nata. Ruwa kan shiga mahaɗin wayar eriya in ba a naɗe shi da tef mai hana ruwa ba. Da ya shiga, ƙarfin da ya kamata ya fita sai ya dawo cikin na'ura ya ƙone ta, gyaran kuma sai an kai birni. Akwai ma'aunin da ke nuna wannan dawowar, a duba shi kullum kafin a buɗe tasha. Turke kuwa shi ne abu mafi tsayi a garin, tsawa shi take nema. Sandar tagulla da aka kafa cikin busasshen rairayi ba ta aikin komai, sai an haƙa an kai ga danshi, an zuba gawayi da gishiri. Hadari na tasowa a kashe na'ura, a zare wayar eriya. Shirin rabin awa bai kai shirun wata shida ba.

Duk wannan kuɗi ne, mai ba da tallafi kuwa kaya yake saye, ba ya sayen batir na biyu. Kuɗin tasha na cikin garin: sanarwar biki da suna da rasuwa, cigiya, katin gaisuwa, da shirin da ƙungiya ta ɗauki nauyi. A rubuta farashi a manna a bakin ƙofa, kowace sanarwa da rasit ɗinta, a ware kaso a asusun batir wanda ba a taɓawa ko da salla. Ma'aikatan sa kai a ba su ko na sabulu, in ba haka ba duk wanda ya goge tashar birni za ta ɗauke shi.

Akwai wani nau'in mutuwar da ba a lura da shi. Tun 2016 tashoshi da dama a Nijar ke karɓar shirin Studio Kalangou daga Yamai suna watsawa, kuma shiri ne mai amfani. Amma in tasha ta koma ba ta da aiki sai miƙa na wasu da sakin waƙa, farashin gero a kasuwar mako da ranar rigakafin dabbobi da buɗe burtali wa zai faɗe su? A rubuta a jadawali cewa aƙalla rabin lokaci na shirin gida ne, a zaɓi kwamiti duk shekara biyu da mata da makiyaya a ciki, ma'aji kuma ya karanta lissafin kuɗi a iska duk ƙarshen wata.