Keke maras giya a Winnats Pass: wahalar da muka baro gida ita suke saya da kuɗinsu

Wanda ya tashi a Kano bai san hawa ba. In ka cire Dala da Goron Dutse, waɗanda ba mai hankalin da zai kai musu keke, garin a shimfiɗe yake kamar faifai. Ka tashi daga Ƙofar Nassarawa ka miƙa Wudil, abin da zai dame ka iska ce da manyan motoci, ba tudu ba. Shi ya sa da aiki ya kawo ni Sheffield a arewacin Ingila na sayi keke tun makon farko, ina ji da kaina, ni da na yi shekara shida ina zuwa sakandare a kan Raleigh ɗin mahaifina. Cikin kwana biyu garin ya koya mini ladabi. A nan ko burodi za ka sayo sai ka hau tudu, in kuwa ka fita yamma da gari ka shiga ƙauyukan Peak District, to sai dai ka yi ta salati.

Giya ce ta cece ni. Ta keke nake nufi, kada wani ya kai ƙarata gida.

Sai ga shi na tarar da wasu mutane a nan da suke cire giyar da gangan. Kekensu, wanda suke kira fiksi, ba irin namu na gida ba ne. Raleigh da Phoenix ɗinmu gudu ɗaya gare su, amma suna da firiwil: in ka zo gangare ka ɗauke ƙarfi, ƙafa ta huta, keke ya yi ta ƙar-ƙar-ƙar yana tafiya. Fiksi ba shi da wannan rangwame. An ɗaure haƙoran baya da taya tamau, muddin taya na juyawa feda na juyawa, ƙafarka kuma dole ta bi. Ba hutu a hawa, ba hutu a gangare.

Akwai dalili, kuma ba zan danne shi ba don ra'ayina ya yi daɗi. Turawan Ingila suna da wata al'ada ta tseren hawan tudu da ake yi a ƙarshen kakar tsere, wajen Satumba da Oktoba, a rufe da gasar ƙasa a ƙarshen Oktoba. Ba tsere ba ne na cunkoso. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin mahaya, kowa da agogonsa, daga gindin tudu zuwa ƙololuwa. Ɗaya daga cikin na kusa da mu shi ne na Monsal Head, wanda ake yi tun 1930. Tsawonsa yadi 675 kacal, bai kai kilomita ɗaya ba, amma a saman akwai mutanen da aikinsu kawai su cafke mahayi kafin ya faɗi, don da yawa suna isowa ba su san inda kansu yake ba. Na ga wani saurayi kwance a kan ciyawa, takalmi ɗaya har yanzu maƙale da feda (takalman tsere ana kulle su ne da feda), bakinsa a buɗe kamar kifin da aka fitar daga ruwa, budurwarsa na tsaye a kansa da rigar sanyi tana dariya. Malcolm Elliott, ɗan Sheffield, ya haye wannan tudu cikin minti 1 da daƙiƙa 14.2 a 1981, aka shafe sama da shekara 40 ana ta ƙoƙarin karya wannan lokaci.

A tseren minti biyu ko uku, kowane giram kaya ne. Dokar da ta hana keken tsere yin ƙasa da kilo 6.8 a manyan gasanni na duniya ba ta aiki a nan, don haka za ka ga an yanke kan keke da zarto, an ɓare soson sirdi, an cire duk abin da ba ya tura taya. Wanda ya cire giya ya rabu da na'urar sauya sarƙa, da wayoyinta, da tarin haƙoran baya, sarƙarsa ta miƙe sak ba ta karkata. A zamanin da Chris Boardman ya ci gasar ƙasa sau huɗu a jere, daga 1988 zuwa 1991, fiksi ne abin hawan da yawa daga cikin masu neman kambun.

Wani dattijo a ƙungiyar masu keke da nake bi ranar Lahadi, wanda nake kira Baba shi kuma yana jin daɗin sunan, shi ya fi kowa wa'azin fiksi. Ya ce mini, "Yaro, giya tana ba ka damar yin shawara da kanka, kuma duk wanda ya tsaya shawara a tsakiyar tudu ya sha kashi." Ya ce nauyin tayar da ke juyawa yana taimaka maka ka wuce wurin nan da feda ke mutuwa, in ƙafa ɗaya tana can sama ɗaya tana ƙasa. Na ce, "Baba, a ba ni in gwada." Gani ya kori ji.

Ya ba ni, na zaɓi Winnats Pass kusa da Castleton, inda aka yi gasar ƙasa ta 2021 cikin ruwan sama. Hanya ce siririya da ta ratsa tsakanin duwatsu biyu, ciyawa kore shar, tumaki na kiwo a gefe. Wajen sama tsayuwarta ta haura kashi 20 cikin 100, wato duk mita biyar da ka ci gaba ka ɗaga fiye da mita ɗaya. Kuma tun da aka rufe tsohuwar hanyar Mam Tor a 1979 saboda zaftarewar ƙasa, motoci ta nan suke bi, ga su a bayanka suna jira kana jin numfashin injinsu.

Keken Baba haƙora 42 ne a gaba, 21 a baya. Duk zagayen feda ɗaya taya ta juya sau biyu, kusan mita huɗu da ɗan ɗori. Nawa mai giya, in na sauko can ƙasa, 34 ne da 32, zagaye ɗaya mita biyu da kaɗan, kana zaune kana murzawa a hankali kamar mai niƙa. Da na wuce ƙarafan nan da ake shimfiɗawa a titi don hana tumaki fita, na tashi tsaye, na ji daɗin abin da Baba ya faɗa, keken kamar yana tura kansa. Daɗin bai yi minti uku ba. Inda hanya ta miƙe tsaye sai feda ta zama kamar an zuba mata siminti. Na ɗora duk nauyina a ƙafar dama, na ja kan keke har tayar gaba ta ɗaga, yatsana na laluben giyar da babu ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Keke ya tsaya cak, takalmi ya ƙi fita daga feda, na kwanta a gefe a hankali kamar buhun gero, tunkiya na kallona tana tuƙa. Saukowa ta fi muni: feda na gudu da ƙafafuna, birki ɗaya ne a gaba, hannuna ya sage.

Da daddare na kira yayana na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tsaya in gane. Ba giya, ba firiwil, birki ɗaya, kuma da kuɗinsu suke saya?"

Tambayarsa ita ce ra'ayina gaba ɗaya. Mu a gida keke mai gudu ɗaya ba zaɓi ba ne, abin da ke kasuwa ke nan, kuma shi mai faci na bakin titi ya iya gyarawa da filaya da guduma. Na taɓa ƙirga haƙoran Raleigh ɗinmu, 44 da 18 ne, a kan babbar taya, zagaye ɗaya ya fi mita biyar. Giyar ta fi ta Baba nauyi nesa ba kusa ba, kuma da ita manomi ke ɗauko buhun masara a kariya, mai itace ya ɗaure kaya har ba a ganin kansa. In ya zo hayi sai ya sauka ya tura, ya gaisa da mutane a hanya, ba wanda ya ce ya gaza. Ka ga mai keke a Hawan Kibo, a hanyar Akwanga zuwa Jos, yana turawa, sannu za ka yi masa. A nan kuwa sauka daga keke a tudu abin kunya ne da ake tsokanar mutum da shi a wurin shan shayi har shekara ta zagayo. Abin dariyar, Nottingham, garin da Raleigh ɗin ya fito, bai fi tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga inda nake zaune ba.

Don haka in ana maganar tseren Monsal, tudu gajere wanda tsayuwarsa ba ta cika sauyawa ba, da matashin da ya san tudun kamar tafin hannunsa, na yarda fiksi yana da hujja. Amma a ce wa mutum irina, mai shekara arba'in da ɗoriya da ɗan tumbi, wanda zai yi yini yana hawa da sauka tsakanin ƙauyuka, wai giya ragwanci ce, wannan maganar ƙoshi ce. Gwiwa ba ta da kayan gyara a kasuwar Sabon Gari. Ko Tour de France, babban tseren keke na Faransa, inda shugabansa Henri Desgrange ya daɗe yana toshe wa giya ƙofa, har mahaya kan sauka a gindin dutse su kwance tayar baya su juya ta don samun haƙora masu sauƙi, a 1937 ta buɗe wa giya ƙofa, shekara guda bayan rashin lafiya ta sa ya miƙa ragamar tseren ga Jacques Goddet. Masu neman gasar ƙasa ta hawan tudu ma yau yawancinsu da giya suke zuwa, tun da kekuna masu giya sun yi sauƙin da ba a taɓa zato ba.

Na mayar wa Baba kekensa da ɗan ƙwarzane a kan sirdi. Ya duba, ya dube ni, ya ce haƙora 21 sun yi mini kaɗan ne, da ya sa mini 24 da na haye. Na ce, "Baba, ai wannan da ka faɗa shi ake kira sauya giya, sai dai kai da sifana kake yi a gareji." Bai amsa ba. Lahadin da ta biyo muka koma Winnats tare, shi a kan fiksinsa, ni a kan 34 da 32. Ya riga ni isa da kusan minti biyu, na tarar da shi jingine da katangar duwatsu yana shafa gwiwarsa ta hagu.