Manhaja tana aiki lafiya, amma aka ce a sake mata fasali

A wurin aikinmu a nan Jamus aka dawo wa wani sabon ma'aikaci da 'yar manhajar lissafin rasit da ya rubuta da Python, wani yaren rubuta manhaja. Tana aiki sumul, ba ta kai layi 200 ba. Duk da haka wata babbar injiniya ta jawo kujera kusa da shi, kofin gahawa a hannu, ga duhun hunturu ya rufe taga tun ƙarfe huɗu, suka duƙufa a kan allo ɗaya har aka tashi. Ba tsawa, ba gori, kuma kamfani ya lissafa zaman a cikin aiki.

Ba su taɓa komai ba sai da suka rubuta gwaji da pytest, kayan gwada manhajar Python: a ba manhajar rasit, a tabbatar jimillar da take fitarwa ba ta canza ba. Daga nan gyara ɗaya, gwaji, a adana a git, ma'ajiyar tarihin gyare-gyare, sannan na gaba. Wanda ya haɗa gyara biyar lokaci guda, in abu ya lalace ba zai gane wanne ya jawo ba.

Aji ɗaya, wato class, sashen manhaja mai haɗa bayanai da ayyukansu, shi ke karanta fayil, yana lissafi, yana buga rasit, sai suka raba shi uku. Tarin get da set, umarnin ɗauko bayani da ajiye shi irin na yaren Java, suka share, tunda dataclass, gajeriyar hanyar rubuta aji mai riƙe bayanai, yana nan tun Python 3.7 a 2018. Jerin isinstance da ke tambayar ko wannan abinci ne ko sauran kaya ya tafi, kowane aji ya riƙe harajinsa. A nan ne suka ci karo da tarkon da gwajin farko bai kama ba: kaya=[], wato jerin kaya da ba komai a ciki, a cikin __init__, sashen da ke haɗa sabon kwando. Python sau ɗaya yake ƙirƙirar wannan jerin, don haka kwandon kowane mai saye yana gadon kayan wanda ya riga shi. Maganinsa a sa None, wato babu komai, a ƙirƙiri sabon jeri a ciki. Kuɗi kuwa float ne, nau'in lamba mai ɗigo, inda 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004, sai aka koma Decimal, mai ba da 0.3 daidai. Lambar 19, wato kashi 19 na harajin saye, tana warwatse a wurare da yawa kamar ba za ta taɓa canzawa ba, alhali a 2020 Jamus ta rage shi zuwa kashi 16 na wata shida. Mu ma a shekarar namu na Najeriya ya tashi daga 5 zuwa 7.5.

A gida kun san dokar: in yana aiki, kar ka taɓa. Gaskiya tsarin nan na Jamus ya fi, ba na jayayya. Amma raina yana sosuwa idan aka ce yaranmu ba su da tsafta a aiki. Yaron da ke Kano yana rubutu yana kallon batirin kwamfuta, data daga aljihunsa, Alhaji mai shago ya biya rabi ya ce sauran sai ya ga abu a waya. Wa zai biya shi yinin da ya ɓatar yana gyaran da ido ba ya gani? Kuma wa zai zauna kusa da shi? A garejin kanikawa ma akwai maigida da ke leƙa aikin yaro kafin mota ta fita. Manyan namu da za su yi wannan leƙen da yawa mun tattara mun taho nan, muna duba aikin 'ya'yan wasu.