Ba niyutirinon kansa ake aunawa ba

Niyutirino wata ƙwaya ce 'yar mitsitsiya, ƙasa da atam. Mutane da yawa sun ɗauka na'urar gano niyutirino kama shi take yi ta auna ƙarfinsa kai tsaye. Ina! Ba shi da cajin lantarki, ko sawu ba ya bari.

Ɓarnar da ya yi ake gani. A gwajin FASER na CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, mita 480 daga inda ake haɗa ƙwayoyin furoton karo su samar da niyutirino, an jera farantan ƙarfen tangistin da fim ɗin ɗaukar hoto a tsakaninsu. Jefi-jefi niyutirino ya daki cibiyar atam, wani lokaci ilektiron ya fito ya haifi fotan (ƙwayar haske), shi ma ya haifi wasu ilektiron, tartsatsi ya yi ta rassa har ya mutu.

Sai a ƙirga sawayen da tartsatsin ya bari a fim, a inda suka fi cunkoso, domin yawansu na ƙaruwa da ƙarfin ilektiron ɗin. Daga nan ake ƙiyasta na niyutirinon.