Lambun ci da kallo: a fara da awo kafin a sayi iri

Duk shekara, da zarar hunturu ya ja baya ƙasa ta fara ɗumi, mutane da dama sukan ƙudurci aniyar mayar da wani sashe na tsakar gida lambu, kuma abin da ya fi jan hankali a 'yan shekarun nan shi ne lambun da ke haɗa kayan miya da furanni wuri guda, a tsinka a dafa, a kuma zauna a ba ido abinci. Akasarinsu da sayen iri suke farawa, fakiti goma ko ashirin, saboda kyawun hoton da ke jikin takardar. A ganina nan ne kuskuren farko yake. Mai son irin wannan lambu ya kamata ya ƙarar da makonnin farko na bazara da igiya da turaku da abin awo a hannu, yana fitar da hanyoyi da komaye, iri kuwa ya jira.

Dabarar ta daɗe a duniya. A ɗakin karatu na gidan ibadar St Gall da ke ƙasar Suwizalan akwai wani zanen gini da aka yi a farkon ƙarni na 9, wanda ya nuna lambu mai komaye 18 jere biyu, kowanne da sunan abin da za a shuka a ciki: albasa, tafarnuwa, latas, kabeji da sauransu. A Faransa, tsakanin 1678 da 1683, Jean-Baptiste de La Quintinie ya shirya wa Sarki Louis na 14 lambun kayan miya da 'ya'yan itatuwa mai faɗin kimanin hekta 9 a Versailles. Wanda ya fi suna a yau shi ne na fadar Villandry, wadda Joachim Carvallo, likita ɗan asalin Sifen, ya saya a 1906 ya sake gina lambunanta. An raba lambun kayan miyar gida tara, kowane gida da irin nasa zane, ana kuma sake shuka shi sau biyu a shekara. Abin lura shi ne, a duk wuraren nan uku tsarin ƙasa ne ke dawwama, kayan da ke ciki kuwa suna zuwa suna wucewa.

Akwai masu ganin cewa wannan duk almubazzaranci ne da fili, domin inda aka yi hanya ko aka dasa fure da tumatir ne ya zauna a wurin da an ƙara kwando guda. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya idan gonar kasuwa ake nufi. Amma lambun gida ba ƙarancin fili ke kashe shi ba, sakaci ne. Wurin da ke da kyan gani mai shi yakan leƙa shi safe da yamma ko ba shi da aikin yi a ciki, kuma a wannan leƙen ne zai ga ganyen da ya fara naɗewa saboda darɓa, ko ciyawar da ba ta wuce tsawon farce ba, ya magance ta da yatsu biyu. Wanda aka jefa can bayan gida inda ido ba ya kaiwa, sai ciyawa ta kai gwiwa ake tunawa da shi.

Matsalar da masu yaɗa hotuna a Instagram ba sa faɗa ita ce, cin amfanin lambun shi ne ke ɓata adonsa. Jeren kabeji goma sha biyu abin sha'awa ne har ranar da aka cire uku daga tsakiya, sai ya koma kamar bakin mai giɓi. Latas ma da zafi ya ƙaru sai ya miƙe ya yi tsiri, ganyen ya yi ɗaci. Saboda haka ake buƙatar abubuwan da ba a girbewa: hanyoyi masu tsabta, gefen komi da aka ɗaure da katako ko bulo ko gajeren tsiro mai ƙamshi da ke shekara, da kuma wani abu mai tsayi a tsakiya, ko da sanduna huɗu ne aka haɗe kawunansu wake ya hau. Idan waɗannan suna nan, komin da aka kwashe jiya ba ya zama abin kunya. Sauran dabarar ita ce a riƙa yafa latas kaɗan kaɗan duk mako biyu, a ajiye 'yan dashe a gefe domin cike gurbi, a kuma fifita ganyayen da ake tsinka daga waje a bar zuciyar ta ci gaba da tofowa.

Awon kansa ba shi da wuya. Tumatir da barkono da dangoginsu suna son rana ta sa'a shida zuwa takwas, saboda haka kafin a kafa turke ko ɗaya a ɗauki yini guda ana lura da inda inuwar bango take faɗawa, a tuna kuma cewa itacen da ke tsirara a farkon bazara zai rufe da ganye nan da wata biyu. Faɗin komi kada ya wuce mita 1.2, domin hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ƙasar ta danƙare ba. Hanya kuwa ta kai santimita 60, gwargwadon yadda baro zai wuce. Komaye huɗu sun isa mai farawa, kuma adadin yana da wani amfani: ana iya zagayawa da dangin shuka daga wannan komi zuwa wancan kowace shekara, ta yadda tumatir ba zai koma inda ya zauna ba sai bayan shekara huɗu, cututtukan da ke kwana a ƙasa su rasa abin kamawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma na ga mutanen da suka fitar da komaye goma a watan farko suka bar takwas wa ciyawa. A shimfiɗa ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita biyar a sama, kada kuma a kafta ƙasa tana jiƙe sharkaf, domin idan ta bushe za ta zama hoge.

Game da lokaci, sauri ya haifi nawa. A ƙasashe masu sanyi, latas da karas da albasa suna jure sanyin farkon bazara, amma tumatir da wake da kabewa sai ƙasa ta kai ɗumin digiri 15 ko sama, kuma a wuraren da raɓa ke daskarewa da dare, dare ɗaya tak ya isa ya hallaka su. Dashen da aka reno a cikin ɗaki sai an saba masa da waje sannu a hankali na tsawon mako guda zuwa kwana goma.

Furanni su ne inda aka fi zuzuta magana. Ana yawan cewa furen marigol yana korar ƙwari, alhali abin da aka tabbatar shi ne saiwarsa tana rage wasu ƙananan tsutsotsi masu sa saiwar tumatir ƙulli, kuma sai an cika komin da shi na tsawon watanni, ba guda biyu a kusurwa ba. Amfanin fure da babu gardama a kansa shi ne janyo ƙudan zuma da ƙwarin da ke cin darɓa, kuma wannan ya isa hujja. Abin da zan gargaɗi kowa a kai shi ne na'a-na'a. Na taɓa dasa reshe uku a bakin komi saboda ƙamshi, kafin shekara ta zagayo saiwarta ta bi ta ƙarƙashin katako ta ɓullo a tsakiyar hanya da cikin karas, na yi kwana biyu a durƙushe ina zaro farin jijiyoyinta ɗaya bayan ɗaya. Yanzu a tukunya take, tukunyar kuma a kan bulo, inda komaye huɗun suka haɗu.