Zanen da ya tsaya gaban alƙali

A gidan tarihin teku da ke Sydney na fara ganin zanen mutanen Yolngu, 'yan asalin arewacin Ostiraliya. A kan ɓawon itace suke yinsa, da farar ƙasa da jar ƙasa, siririn layi bisa layi. Na ɗauka ado ne irin na bayan ƙwarya. Ashe kowane salo ruwan wani dangi ne: inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri, inda yake kwanciya, inda yake tashi.

Ɓacin rai ne ya haifi zanen. A 1996 aka tarar da sansanin masu satar kamun kifin barramundi (ɗan'uwan giwan ruwanmu ne) a wani wuri mai alfarma, an yar da yankakken kan kada, dabbar da suke ɗauka kakansu. Maimakon faɗa, mutum 47 suka zauna suka yi zane 80, suna nuna ruwan wane ne wannan. Ilimin nan suka shiga kotu da shi, a 2008 kuma babbar kotun ƙasar ta tabbatar musu da ikon gaɓar tekunsu.

Nan zuciyata ta koma gida. Mu ma ai mun san ruwa. Sarkin ruwa ya san kowane gurbi da sunansa, ya san lokacin da ake hana kamu don kifi ya hayayyafa. Sai dai duk a baki yake, dattijo na rasuwa ya tafi da nasa. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2016, na yi murna ƙwarai, amma abin da muke nunawa duniya a Matan Fada shi ne wa ya kamo ƙaton kifi.

Da aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa, ambaliyar da fadamun Hadeja da Nguru suka dogara da ita ta canza, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Masunta da manoma sun yi kuka, amma ba su da abin shimfiɗawa gaban hukuma su ce ga yadda ruwan nan yake tafiya tun kaka da kakanni.

Ina son masu zanenmu su je su zauna da sarakunan ruwa. Kududdufin unguwarmu da muka koyi iyo a ciki an cike shi an yi shaguna, yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba.